Ginin Da Umma Za Ta Iya Shiga

Salamu alaikum, jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in daina jan aji in auri Akitek, mai zanen gine-ginen nan da yake nemana, tun kafin wata ta yi wuf da shi. Na gode, 'yar uwa. Ki gyara zama ki ji abin da ya faru a satin nan, in ya so sai ki sake ba ni shawarar.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce autar gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce min, har malamanmu sun kama. Ina ajin ƙarshe a sashen tsara gine-gine na jami'ar garinmu. Mu ne ɗaliban nan da ake ganewa tun daga nesa, yatsu duk gam, babban yatsa duk yankan reza, ido ya yi zuru-zuru. A shekarar ƙarshe kowa zai zana gini guda, ya haɗa samfurinsa da kwali, ɗan ƙarami da zai zauna a kan tebur, amma komai ya fito, har ƙofofi da tagogi. Ranar kare aiki, wato ranar da kowa zai tsaya ya yi bayanin aikinsa, tsofaffin ɗaliban sashen suna zuwa su zagaya teburanmu tare da malamai. Su zaɓi aiki ɗaya, su haɗa ƙarfi su gina shi da gaske a cikin makarantar. Wannan zaɓen shi ne mafarkin kowa tun daga ajin farko.

A shekararsu, Akitek aka zaɓa. Shi ya zana babban ɗakin taron jami'a, wanda ake hawa ta wata farar matakala mai faɗi, tana buɗewa ƙasa kamar an baza zani. Babu wanda bai san matakalar nan ba a garinmu. Masu kammala karatu a kanta suke ɗaukar hoto, amare da angwaye ma har layi suke yi ranar Asabar. Hotonsa yana rataye a barandar sashenmu cikin jerin waɗanda suka yi fice, kusa da na wata baiwar Allah da ta gina asibitin yara a ƙasar waje. A wata lacca da ya zo yi mana ya gan ni, ya bi ta hannun mijin Yayata, sai ga shi a falonmu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ba ya ɗaga murya, ba ya raina kowa, in ya zo har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Umma. Kuma ina son sa, gara in faɗa tun yanzu kada a ce ɓoyewa nake. Amma duk son da nake masa, Abba ya fi ni. Hoton matakalar ne a fuskar wayar Abba. Duk wanda ya shigo shagonsa sayen ƙwan lantarki sai an nuna masa, "Surukina ne ya yi wannan." Tun ba a je ko'ina ba.

Akwai abin da Abba bai lura da shi ba, shi kuma Akitek bai taɓa sani ba.

Umma ba ta tafiya. Haɗarin mota ne tun ina sakandare, ƙafafun suka daina ɗaukarta. A keke take zaune, amma kada ku ji tausayin da bai dace ba, domin da kanta take tura abinta, ta yi girki, ta yi ɗinki, ta bi mu da faɗa ɗaki-ɗaki. Abu ɗaya ta tsana a duniya, a ɗaga ta. Ranar da aka rantsar da mu sababbin ɗalibai, a ɗakin taron nan aka yi. Umma ta ɗinka sabon leshi ruwan hoda saboda ranar. Da muka iso gindin matakalar sai ta tsaya, ta ɗaga kai ta dube ta har sama. Abba ya ce bari ya kira samari su ɗauke ta. Ta yi murmushi ta ce, "Ku hau kawai, ni iska nake so, cikin can zafi ne." Abba ya yarda. Ni kuwa kujerata tana kusa da taga. Tun daga fara taron har aka tashi ina kallonta a ƙarƙashin wata bishiya, ita kaɗai, tana gyara mayafi duk lokacin da aka yi tafi a sama. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Amma tun ranar na san ginin da zan zana.

Ɗakin karatu ne na ɗalibai, hawa biyu, babu matakala ko ɗaya a gabansa. Hanya ce take tashi a hankali daga ƙofa, ta zagaye wata bishiya a tsakar ginin, ta kai ka sama ba tare da ka roƙi kowa ba. A sashenmu gangare muke ce wa irin wannan hanyar. Wata da watanni na yi a kan gangaren nan. Sai da na ari keken Umma ranar da take barcin rana, na gwada a tudun ƙofar gidanmu don in ji inda hannu yake gajiya.

Ana saura kwana kaɗan a kare aiki, rufin situdiyonmu, ɗakin da muke aikin zane, ya fara yoyo. E, sashen tsara gine-gine, ku yi dariyarku, mu ma mun yi. Kowa ya kwashe samfurinsa. Ni na kawo nawa gida na ɗora a teburin cin abinci, na gargaɗi kowa kada ko ƙuda ya sauka a kai. Ranar Talata da rana na koma makaranta buga zanena a manyan takardu. Da na dawo bayan la'asar, motar Akitek na fara gani a ƙofar gida.

Na yi sallama. Abba da Akitek sun sunkuya a kan tebur. Akitek ya naɗe hannun riga, rezata a hannunsa, kwalbar gam ɗina a buɗe, guntayen kwali sun watsu har kan kafet.

"Auta, zo ki ga ikon Allah," in ji Abba, bakinsa har kunne. "Abin da kike ta fama da shi tun bara, gwani ya fito da shi kafin shayi ya huce."

Na matsa. Gangarena babu shi. A gurbinsa wata matakala ce mai faɗi, tana buɗewa ƙasa, an yanka ta tsaf ba ko karkata. Ƙanwar waccan ce sak.

"Ki yi haƙuri na taɓa ba ki nan," Akitek ya ce, yana goge yatsunsa da hankici. "Abba ne ya ce in duba miki. Ginin ya yi kyau ƙwarai, wallahi na yi mamaki. Gangaren ne kawai ya cinye fili, ya kashe kwarjinin ƙofar. Na san mutanen nan da za su zaɓa, abin da zai tsayar musu da ido suke nema. Gini sai an hau shi ake ganin girmansa."

"Kin ji ko?" in ji Abba. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yi masa godiya mana, kin tsaya kamar an dasa ki."

Jama'a, zuciyata tafasa take, amma me zan ce? A gaban mahaifina, a gaban mutumin da ya zo neman aurena, kuma ya yi abin ne da zuciya ɗaya? Na waiwaya. Umma tana bakin ƙofar kicin a kekenta, hannuwanta a cinya. Duk abin da aka yi a idonta aka yi, kunyar suruki ta hana ta magana. Ta girgiza min kai kaɗan, wato kada in ce komai.

"Na gode," na ce. Na shige ɗaki ko jakata ban ajiye ba.

Ko minti goma ba a yi da tafiyarsa ba saƙonsa ya shigo.

"Na ga fuskarki. Fushi kike?"

Na kifa wayar. Wani ya biyo.

"So nake a zaɓe ki, shi ke nan. So nake hotonki ya zauna kusa da nawa a barandar nan. Ki bar min wannan ɗaya. Bayan aure ofishina naki ne, ki zana duk abin da ranki yake so."

Na rubuta dogon bayani, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Yaya zan gaya wa mutum cewa abin da duniya take yaba masa a kai shi ne ya bar mahaifiyata a ƙarƙashin bishiya? A ƙarshe na tura masa, "Ba komai." Ku mata kun san me "ba komai" take nufi, shi dai bai sani ba, hoton fure ya turo min.

Sai ga kiran Yaya. Abba ya riga ya kai mata rahoto.

"Ke Auta, wai me yake damunki? Mutumin da aka rataye hotonsa a bango ya zauna ya gyara miki aiki da hannunsa, kina kumbure-kumbure? Wasu nema suke ya kalli nasu ma ba su samu ba."

"Yaya, ba gyara ya yi ba, canzawa ya yi."

"To sai me? Kwali ne fa. Kada garin neman gira ki rasa ido. Abba ya ce da an gama kare aikin nan manyansa za su zo a tsayar da magana. Ki rufa mana asiri, kada ki kunyata tsohon nan."

Na ce to. A gidanmu auta ba ta da wata amsa sai to.

Washegari da safe, bayan Abba ya fita shago, Umma ta kira ni ɗakinta. Tana gaban keken ɗinkinta, amma ba ɗinkin take ba. Ta sa hannu a bayan matashin da take jingina da shi, ta zaro wani abu naɗe a ɗankwali. Gangarena ne. Gefe ɗaya ya lanƙwashe, ɗan ganyen shayi ya manne a jikinsa.

"A kwandon shara na tsince shi," ta ce. "Ban san kan aikinku ba, amma na ga a kan wannan kika fi daɗewa."

Na durƙusa a gabanta. "Umma, kin san me ya sa na yi shi?"

"Ni na haife ki, Auta. Kina tsammanin ban ji ƙarar kekena ba ranar da kika sace shi?" Ta yi 'yar dariya, sannan fuskarta ta koma yadda take. "Na ajiye miki ne don kada wahalarki ta tafi a shara. Amma kada ki ɓata da mahaifinki, kada ki ɓata da yaron nan saboda ni. Ni na saba."

Wannan "na saba" ɗin ita ta karya ni. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun ranar rantsarwa. Ba ta hana ni ba, ta dai ce in yi a hankali kada in jiƙa mata atamfar mutane.

A ranar na kira mai tasi na kwashe samfurin zuwa ɗakin ƙawata a gidan kwanan ɗalibai. Reza muke ce mata, saboda bakinta da kuma yadda kullum take aron rezar mutane ba ta mayarwa. Ta kalli matakalar ta yi fito.

"Kai! Wannan hannun ai ko makaho ya shafa ya san na waye. Ki bar shi mana, zaɓe ya ƙare."

"Riƙe min nan," na ce.

Na sa reza na ɓamɓare matakalar. Ta fita da fatar kwalin, ta bar tabo a gaban ginin, duk dabarata bai ɓoyu ba. Na miƙe gangaren da dutsen guga, na mayar da shi gurbinsa. Matakalar kuwa ban iya yar da ita ba, aikin hannunsa ce. Na saka ta a jakata.

"Aure ko digiri, wanne kike shirin kashewa?" in ji Reza.

"Riƙe dai," na ce.

Ranar kare aiki, kun san inda ake yi? A babban ɗakin taro, a saman matakalar. Na so in ce wa Umma ta zauna a gida, amma da na fito da safe cikin baƙar abayata, na tarar ta riga kowa shiri. Leshin nan ne ruwan hoda, ta ciro shi daga ƙasan akwati, har da turare. Abba ya ce, "Yau dai za ki hau, Hajiya, ga ɗalibai nan birjik." Ta gyara mayafinta kawai.

Na riga su tafiya, na hau da wuri na shirya teburina, na lulluɓe samfurin da farin ƙyalle kamar yadda kowa ya yi. Dokar a fili take: in masu zaɓe suka iso teburinka ba ka nan, wucewa za su yi, ba sa dawowa. Ɗakin ya cika da tsofaffin ɗalibai, ana ta rungume-rungume, ana kiran juna da sunayen tsokana na zamanin karatu. Na leƙa ta taga. Motarmu ta iso, Abba ya sauke keken, Umma ta tura kanta har gindin matakalar. Sai na ga Akitek cikin farar shadda yana sauka da sauri ya tarbe su. Ban san lokacin da na bi bayansa ba.

Na iso yana durƙushe yana cewa, "Umma, sannunku da zuwa. Bari in kira yara huɗu su ɗaga ku, yanzun nan."

"A'a, ɗana," ta ce a hankali. "Ni ba buhu ba ce. Ku hau abinku. Ga bishiyata can, mun san juna da ita. A nan na zauna ranar da aka karɓi Auta a makarantar nan."

Ta juya kekenta ta nufi inuwar. Akitek ya bi ta da kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi matakalarsa tun daga ƙasa har sama. Ina jin bai taɓa kallonta daga nan ba. 

Ni kuwa na juya na hau da gudu. Masu zaɓe suna tebur na uku kafin nawa, Farfesa, shugaban sashenmu, a gaba da sandarsa. Na yaye ƙyallen, na rungumi samfurin da hannu biyu.

"Ke! Ina za ki?" Reza ta riƙe min abaya. "Sun kusa fa!"

"Sake ni."

Na sauko da shi a hankali, ba na ganin ƙafata, mutane suna darewa suna kallona kamar na zautu. Na kai shi har ƙarƙashin bishiya, na durƙusa, na ɗora a cinyar Umma.

"Auta, kin haukace?" in ji Abba. "Ɗauki abin nan ki koma! Shekara nawa muna jiran ranar nan?"

Wayata ta yi ƙara a jaka. Reza ce: "Sun iso. Farfesa yana tambaya. Ki hau don Allah." Kafin in mayar da wayar, lasifikar ɗakin ta kira sunana, har nan ƙasa ana ji.

Akitek ya matso. Ya ga gangaren, ya ga tabon da ke gaban ginin. Na sa hannu a jaka na ciro matakalarsa ta kwali na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka tambaye ni me ya sa babu matakala?"

Ya dubi matakalar da ke hannunsa. Na ga abin ya shige shi, kuma wallahi sai da na ji tausayinsa, domin ba da mugunta ya gina ta ba, bai dai taɓa tura keke ba.

"Auta, an kira ki," in ji Umma. "Tashi ki je. Na gani, ya isa."

"Ba ki gani ba tukuna, Umma." Na juya wajen Abba, gwiwoyina a ƙasa, ni da tunda nake ban taɓa musa masa ba. "Abba, ka yafe min. Don ita na yi shi, kuma ba zan kare shi a inda ba za ta iya shiga ba. In suna so su gani, ga shi nan."

Abba ya dube ni, ya dubi Umma da leshinta, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Lasifika ta sake kiran sunana. Akitek ya juya, ya fara hawa, matakalar kwalin tana hannunsa. Ban san ko kiran su zai yi ba, ko kuwa tafiyar ke nan, da zaɓen da auren duka. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban tashi ba.

Umma ta gyara gilashinta. Ta sa ɗan yatsanta a ƙofar ginin, ta ce, "Nan ne ƙofa?" Na ce e. Ta fara tura yatsan a kan gangaren a hankali, yadda take tura kekenta. Ta zagaye 'yar bishiyar da na yi da soso, ta tsaya a wurin hutawa daidai inda hannu yake gajiya, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba. A bayana na ji takun takalma a kan matakala, ba na mutum ɗaya ba, har da ƙwanƙwasar sanda. Ban waiwaya ba. Yatsan Umma ya kai hawa na sama, ta tura 'yar ƙofar kwalin, ta buɗe.

"Auta," ta ce, hawaye yana sauka a kan leshin, "na shiga."